Fankar lantarki a saman bene: izinin wa ake nema?

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga injiniyoyinmu da masana doka. Maƙwabcina da muke katanga ɗaya a nan Rijiyar Zaki ya sayo fankar nan da iska ke juyawa ta ba da wuta. Masu walda sun fara haɗa masa turken ƙarfe, ya ce a saman dakin ɗin benensa, wato rufin kankaren, za a kafa, ta gefen da ke kallon tsakar gidana. Mutumin kirki ne, ko musu ba mu taɓa yi ba, kuma shi da kansa ya tako ya faɗa mini. Sai dai a ƙarƙashin wurin nan yara ke wasa, nan iyali ke girki. Shin mutum yana da ikon kafa irin wannan a gidansa haka kawai, ko sai da izini? In da izini, na wace hukuma? Ba rigima nake nema ba, so nake in san haƙƙina da nasa kafin in buɗe baki.

Sadiƙu Mai Sola: Wa alaikumus salam. Yaya, gidansa ne fa, kuma kuɗinsa ne. Tankin ruwa nawa ne a saman gidajen Kano, faranten sola nawa? Wa ya je neman takarda kafin ya ɗora? Mutum ya gaji da sayen fetur ya nemo wa kansa mafita, maimakon a sa masa albarka sai a ɗauko maganar hukuma. Ni dai a ganina ka ƙyale shi.

Maman Ummi: Sadiƙu kai dai ka ji ƙamshin ciniki.

Sadiƙu Mai Sola: Wallahi Hajiya ba ni na sayar masa ba.

Injiniya Kabiru: Sadiƙu, tanki nauyi ne kawai, inda ka ajiye shi nan yake. Farantin sola ma in an ɗaure shi da kyau magana ta ƙare. Fanka kuwa inji ce mai juyawa dare da rana a kan dogon ƙarfe, kuma duk girgizar da take yi cikin dakin take shiga, ta bi ginshiƙi ta sauka bango. Benayenmu da yawa birkila ne ya yi lissafin rodinsu da ido, ba wanda ya kawo a ransa wata rana za a dasa musu abin da zai riƙa jijjiga su. Sannan ku tuna iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas gabanin ruwa tana yaye kwano tana karya falwaya. Injin kirki yana da birki, ko ya kau da kai in iska ta yi yawa. Masu arhar nan wani sai ya yi ta gudu har fiffike ya tsinke, kuma fiffiken da ya tsinke yana cikin gudu ba a gindin turke yake faɗuwa ba. Baban Walida, turo mana tsawon turken, da faɗin fankar, da girman filayenku.

Baban Walida: Ya ce turken ƙafa 20 ne daga saman dakin. Fankar in an haɗa faɗinta zai kai mita 2, a jikin kwalin an rubuta wat 1000. Filayenmu duk hamsin-hamsin ne.

Injiniya Kabiru: To bari mu ajiye maganar doka tukuna, mu duba ko shi kansa mai fankar zai ci riba, don ina jin nan ne za ka fi saurin shawo kansa.

Ƙarfin da ake samu daga iska ba ya tafiya daidai da gudunta. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninki 8 yake yi. In ya ninka uku, ninki 27. Wat 1000 ɗin da ke jikin kwali galibi an auna shi ne a iska mai gudun mita 11 ko 12 a sakan, irin wadda sai ka dafe hularka. Ranar da iskar ke gudun mita 4, wato kashi ɗaya cikin uku, sai ka raba dubun nan gida 27. Bai kai wat 40 ba. Ƙwan fitila uku ko huɗu ke nan. In ta gaza mita 3 yawancinsu ko ɗigon wuta ba sa bayarwa, ko da ka ga suna ɗan juyawa.

Don haka masu sana'ar suke da ƙa'ida: ƙasan fiffiken ya ɗara duk wani abu da ke kewaye da shi, cikin tazarar kamar mita 150, da aƙalla mita 9. Duba unguwarku. Benaye, darbejiya, hasumiyar masallaci, tankuna a kan ƙarfe. Iskar da ta bugi waɗannan duka ta karye, juyi kawai take yi, ta zo ta nan ta zo ta can, fankar ta yi ta waige-waige tana cin boris ɗinta. In za a bi ƙa'idar sai an kai mita 20 ko fiye daga ƙasa.

Ga kuma ɗaya ƙa'idar, ta tsaro: in turke ya faɗi, ya faɗi a cikin filin mai shi. A Ingila, ƙaramar fankar da za ka kafa a ƙasa ba tare da neman izinin gini ba, tsawonta gaba ɗaya kada ya wuce mita 11.1, kuma nisanta daga iyakar filinka ya kai tsawon nata da ƙarin kashi 10 cikin ɗari. Ƙananan hukumomi da yawa a Amurka ma lissafin da suke yi ke nan. Yanzu ƙafa 50 mita 15 ce da 'yan kai. Ko a tsakiyar filin ka kafa, tsakaninka da kowace katanga mita 7 da rabi. Turken da zai faɗi bai tsallaka ba bai kai mita 7 ba, wato ko benen maƙwabci bai ɗara ba, ina zai ga iska? Wanda zai ga iska kuma, in ya faɗi sai ya faɗa cikin gidan maƙwabci. A fili hamsin-hamsin ba yadda za a yi ƙa'idojin nan biyu su haɗu.

Sadiƙu Mai Sola: Amma Injiniya ai kullum ana cewa nan can Arewa, Kano da Katsina da Sakkwato, da kuma tsaunin Jos, mu ne muka fi iska a Najeriya. Ko ƙarya ake?

Injiniya Kabiru: Gaskiya ne. Amma tambayi inda aka auna. Ma'aunin hukumar yanayi a fili fetal yake, irin na filin jirgi, a tsawon mita 10, ba gini ba bishiya. Wannan lambar ba ta saman kwanonka a Ɗorayi ba ce. Turawa ma sun faɗa wannan ramin. A 2007 zuwa 2008 an yi wani gwaji a yankin Warwick na Ingila, aka bi ƙananan fankokin da aka kafa a jikin gine-gine ana auna abin da suke bayarwa. Yawancinsu abin da suka kawo bai kama ƙafar abin da aka yi alkawari ba, wasu kuma dole aka riƙa kashe su saboda mazauna gidan sun koka da ƙara.

Barista Hauwa: Assalamu alaikum. Baban Walida, tambayarka ɗaya ce amma ƙofofinta da yawa, shi ya sa mutane ke ruɗewa.

Ta fuskar wutar kanta, ba ruwan kowa da shi. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ba ta neman lasisi ko izini daga wanda ke samar wa kansa wutar da ba ta wuce megawat 1 ba, kuma megawat 1 sai an tara irin fankarsa dubu. Dokar lantarki ta 2023 ma ƙara buɗe ƙofa ta yi, har ta ba jihohi damar kula da kasuwar wutarsu, kamar yadda Inugu da Ekiti da Ondo suka karɓa a 2024. To a nan Sadiƙu yana da gaskiya.

Inda ba shi da ita shi ne turken. Ƙarfe mai ƙafa 20 a saman bene ƙari ne a kan gini, kuma ƙari a kan gini hurumin hukumar tsara birni ne, wato KNUPDA a nan cikin Kano. Fulan ɗin da aka sa wa hannu lokacin da zai yi benen ba da wannan a ciki aka sa ba. Kuma kada wani ya ce sai an jira Abuja. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar da Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini na jihohi ne. Don haka abin da ya dace shi ne maƙwabcinka ya rubuta musu, ya haɗa da zanen turken da sa hannun injiniyan gini, ya karɓi amsa a rubuce. Wannan kariya ce gare shi kansa.

Sai ƙara. NESREA, hukumar kare muhalli ta ƙasa, tana da ƙa'idojin ƙara na 2009, kuma sun bambanta dare da rana, sun bambanta unguwar zama da ta masana'antu. Sai na ƙarshe, wanda ko babu hukuma ko ɗaya yana nan: in abinka ya faɗa gidan wani ya yi ɓarna, kai za ka biya, kuma maƙwabci ba sai ya jira an ji ciwo ba, yana iya zuwa kotu tun da wuri ya nemi a dakatar.

Ɗan Kurna: Barista da girmanki, wace Kano kike magana? Rabin unguwanninmu awon igiya ne. Wanda gidansa gaba ɗaya ba shi da fulan, shi ne zai je neman izinin ƙarfe? Ya kai kansa ke nan. Kuma ni abin da na sani a ƙasar nan, duk sabuwar doka sabon rasit ce. Yau ku ce a yi wa fanka doka, gobe a zo a ƙirga faranten solar da ke kan kwanon talaka a yanka masa haraji. Ku bar kaza cikin gashinta.

Baba Garba: Ɗana na Kurna, na ji tsoronka kuma ba na raina shi. Amma ni aikin awo da tsara filaye na yi har na ajiye, bari in tuna maka abin da idonmu ya gani. Da wayar salula ta shigo a 2001, ƙarafunan sabis suka riƙa tsirowa a cikin unguwanni. Mai gida ya ba da hayar kusurwar gidansa, maƙwabta su wayi gari su ga ƙarfe a kansu da janareta yana ruri. Sai da ƙarafunan suka cika gari sannan ƙa'ida ta biyo baya. NCC, hukumar sadarwa, ta fitar da tata a 2009, ta ce tazarar mita 5 daga gidan mutane. NESREA ta zo da tata a 2011, ta ce mita 10. Hukumomi biyu na gwamnati ɗaya suka yi ta ja-in-ja, wannan ta rufe tasha waccan ta ce a buɗe. Wanda ƙarfe ke kan ɗakinsa fa? Yana nan da ƙarfensa har yau.

Haka maganar manyan wayoyin wuta. Layin kilobolt 330, irin wanda ya shigo Kumbotso, an ware masa faɗin mita 50 da ba a gini. Na 132 mita 30. Ƙa'idar tana nan a rubuce, amma da yake ba a tsare wurin tun yana fili ba, je ka ga shaguna da gidaje a ƙarƙashi. Hana kafawa kalma ɗaya ce, amma cirewa bayan mutum ya zuba dukiyarsa rusau ne da kuka da zagi. Fankokin nan yanzu tsiraru ne. Yanzu ne lokacin faɗin inda za a sa su da inda ba za a sa ba, tun ba wanda zai yi asara.

Ɗan Kurna: Baba na ji. Amma mu nan jirgi ne ma ke bi ta kanmu kamar ya taɓa kwano. Mutanen Gwammaja ba su manta Mayun 2002 ba.

Baba Garba: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wancan hatsarin ba ƙarfe ne ya jawo shi ba, kada a haɗa. Amma ka taɓo abin da ya sa Kano ta bambanta da garuruwa da yawa: filin jirginmu gari ya riga ya kewaye shi. A ƙa'idar jiragen sama ta duniya, babban fili irin na Malam Aminu Kano, cikin kilomita 4 kewaye da shi ba a son abin da ya haura mita 45 sama da filin, kuma ta bakin titin sauka da tashi iyakar ta fi haka ƙasa sosai, tana raguwa yayin da kake matsowa. NCAA, hukumar kula da jiragen sama, ce ke ba da takardar amincewa da tsawo, ita ke cewa a shafa ja da fari a sa jar fitila. Ƙafa 20 a Rijiyar Zaki ba zai dame su ba. Amma mai masana'anta a Bompai, ko wani a Kurna ko Panisau da ya ji bayanin Injiniya ya ce to bari in kai nawa sama sosai, wannan kam sai ya bi ta wurinsu.

Malam Tijjani: Allah ya saka wa Barista da Baba da alheri. Bari in ƙara da abin da muka karanta a zaure, don ba yau aka fara wannan magana ba. Asalin babin hadisin nan ne na ba cuta ba cutarwa, kuma malamanmu na Malikiyya sun warware shi dalla-dalla a kan maƙwabtaka. Duk wanda ya yi karatun Mukhtasar na Shehu Khalil ya bi ta wurin a babin tarayya. An ce a hana hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da duk abin da zai cutar da bangon maƙwabci. To girgizar da Injiniya ya faɗa, in ta tabbata tana taɓa katangar da suka haɗa, ta shiga nan kai tsaye. Ƙara kuwa da sassauci a wurinsu. Misalin da aka kawo shi ne bugun tufafi, irin wanda masu bugu ke yi wa rini da shadda a garin nan, aka ce ba a hana mutum sana'arsa don sauti kawai. Amma masu sharhi sun sa ƙaidi: in ya tsananta kuma ya dawwama, a hana. Mai bugu yana tashi in rana ta faɗi. Fanka ba ta san dare ba.

Maman Ummi: Allah gafarta Malam, duk kun yi maganar faɗuwa da ƙara, ba wanda ya yi tamu. Abin nan ai sai an riƙa hawa ana gyarawa. Ƙato ya hau ƙafa 20 a saman bene, tsakar gida nawa zai gani? Mu da muke wanki da tsifar kai a waje fa? Ko masu gyaran tanki ma fama muke yi da su.

Malam Tijjani: Hajiya kin yi gaskiya, kuma a wannan babin dai aka faɗe ta. Tagar da aka buɗe tana leƙa gidan maƙwabci, toshe ta ake yi. Mai bishiyar dabino a gidansa ba a hana shi hawa, amma wajibi ne ya yi sanarwa kafin ya hau don iyali su kimtsa. Mai fanka bai fi mai dabino ba.

Auwalu Na Tattabaru: Ni tambayata ɗaya. Tattabaruna fa?

Ɗan Kurna: Auwalu ka samu ɗan shila kyauta ba sai ka yanka ba.

Malam Tijjani: Mushe ne dai.

Injiniya Kabiru: Dariya ake amma tambaya ce. Fiffike yana bugun tsuntsu da jemage, shi ya sa a manyan ayyuka ake duba hanyar tsuntsaye da wurin kwanansu kafin a zaɓi fili.

Sadiƙu Mai Sola: To ku juya maganar. A ce na bi duk abin da kuka faɗa, na samu fili mai faɗi a bayan gari, na kafa, na kashe miliyoyi. Baɗi maƙwabci ya tayar da bene hawa uku ta gabas ya tare mini iska. Ni wa zai kare ni? Ko doka ta maƙwabci ce kawai?

Barista Hauwa: Tambaya mai kyau, amsar ce ba daɗi. Iskar da ke ratsowa ta filin wani ba taka ba ce. Tun a ƙarni na 19 aka yi irin shari'ar nan a Ingila: mai injin niƙa da iska ke juyawa ya kai ƙarar wanda ya yi gini ya tare masa iska, kotu ta ce ba shi da wannan haƙƙin. In kana son kariya, ko ka sayi filin da ke gefen da iska ke zuwa, ko ku yi yarjejeniya a rubuce da mai shi cewa ba zai wuce tsawo kaza ba, ka biya shi.

Malam Tijjani: Abin sha'awa, a wurinmu ma haka ne, ba a hana mutum ɗaga gininsa don ya tare wa wani haske ko rana ko iska. Abu ɗaya aka toge: masussuka. Wanda zai yi ginin da zai tare iskar da ake sheƙa da ita, ana hana shi, don amfanin wurin gaba ɗaya a kan iskar yake. Ko za a yi ƙiyasin fankar lantarki a kan masussuka, wannan sai manyanmu. Amma Sadiƙu ga ƙofa nan ka samu.

Baban Walida: Na gode ƙwarai jama'a. Ina tunanin in je wurin mai unguwa.

Baba Garba: A'a, kada ka fara da nan. Mutumin da ya tako ya faɗa maka da bakinsa, in ya ji kira daga wurin mai unguwa zai ce ka kai shi ƙara. Je ka same shi bayan isha'i, ka nuna masa lissafin Injiniya, ka bar shi ya gano da kansa cewa kuɗin turken nan in ya ƙara faranti da batir da su sun fi masa. In ya ƙi, sannan mai unguwa. Hukuma ce ta ƙarshe.

Bakatsine: Ina ta karatu ban tanka ba. Ku masu neman ganin yadda abin yake na gaske, ku zo Lambar Rimi a jihar Katsina. Injina 37, kowanne kilowat 275, jimla megawat 10, kowane turke mita 55, fiffike bibbiyu. Kamfanin Vergnet na Faransa ne ya ƙera su, kuma irin waɗanda ake iya kwantarwa ƙasa ne in za a yi gyara, don haka kowanne sai an bar masa filin kwanciya. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro maganar tun yana gwamna, daga baya Tarayya ta karɓa. Wurin fili ne shimfiɗaɗɗe, ba wanda aka kafa wa a kan ɗaki. Amma zaɓen wuri ba iska ce kaɗai ba. A Disambar 2012 aka sace injiniyan Bafaranshe da ke aikin a Rimi, sai Nuwambar 2013 ya kuɓuta, aikin kuma ya kwashe fiye da shekara goma yana tafiyar hawainiya. Tsaro, hanya, kusanci da layin da zai ɗauki wutar, duk suna cikin lissafi.

Ɗan Kurna: Kun ga ni. Gwamnati da kanta ta sha wuya, ku kuna son ƙara wa ɗan kasuwa sharuɗɗa.

Injiniya Kabiru: A nan ina tare da kai rabi. Ƙa'ida tana iya yin yawa har ta kashe abin. Jihar Bavariya a Jamus ta yi doka a 2014 cewa injin iska ya nisanci gidaje da ninki 10 na tsawonsa. Injin zamani yana kai mita 200, kilomita 2 ke nan ta kowane gefe. Wurin da ya cika sharaɗin ya yi wuya, kafa sababbi ya kusa tsayawa cak, sai da suka sassauta a 2022. Denmak kuwa, da ta fi kowa dogaro da iska, ninki 4 take nema. Kuma Jamusawa suna da wata ƙa'ida da ta burge ni, don abin da ke damun mutum ta auna, ba nisa kawai ba: inuwar fiffike da ke giftawa ta tagar mutum kada ta wuce minti 30 a rana ko awa 30 a shekara. In za ta wuce, injin ya tsaya a wannan lokacin. A nan inuwar da safe da yamma take tsawo, don haka gidan da ke yamma ko gabas da inji shi ne abin dubawa.

Baba Garba: In babban aiki ya zo jihar nan, ni ba inuwa nake tsoro ba, ƙasa nake tsoro. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma in an karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar ta abin da ke kanta ce, shuka da bishiya da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Manomi ya karɓi kuɗin dawar shekara ɗaya ya rasa gadon kakansa. Alhali injin iska gindinsa kawai yake ci da 'yar hanya. Tazarar da ke tsakanin inji da inji ana noma ta, ana kiwo. Me ya sa ba za a yi haya ba, mai gona ya ci gaba da nomansa yana karɓar kuɗi duk shekara? Ku dubi Kenya. Tashar Tafkin Turkana, megawat 310, injina 365, aiki ya gama yana ba da wuta, amma a 2021 kotu a Meru ta soke takardun filin saboda ba a bi ƙa'ida ba wajen karɓar ƙasar makiyaya. Mu ma muna da burtali da makiyaya. Dokar duba tasirin aiki ga muhalli ta 1992 ta ce a yi rahoto a baje shi jama'a su duba, amma rahoton da aka ajiye da Turanci a ofis, wane Bafulatani ne zai karanta? A kai shi ƙofar dagaci a karanta da Hausa.

Sadiƙu Mai Sola: Injiniya, gaskiya tsakani da Allah, akwai wanda za ka ce ya sayi fankar nan a Kano? Akwai mai gonar kaji a hanyar Gezawa da ke tambayata.

Injiniya Kabiru: Irinsa ne ma kaɗai zan saurara. Yana da fili, turke zai yi tsawo, in ya faɗi a gonarsa zai faɗi. Amma sola ce uwa. Ba banza ba manyan ayyukan da aka yi a garin nan, megawat 7.1 na Jami'ar Bayero a 2019 da megawat 10 na Challawa a 2023, duk na rana ne. Inda iska ke taimako shi ne da dare, da kuma hunturu lokacin da hazo ya rufe rana ƙura ta lulluɓe faranti. Ka ce masa ya fara kafa ma'aunin iska a daidai tsawon da yake nufi, ya bar shi shekara guda cur ya ga hunturu da bazara da damina, sannan a yi maganar saye. Ya nisanci wayar wuta da titi da tsawon turken har da ƙari, ya sa ƙarfen tsawa da waya mai kauri har ƙasa, kuma a kewaye wayoyin da ke riƙe turken kada shanu su yi susa da su.

Shugaban Zaure: Jama'a maganar ta yi albarka, kada ta tsaya a waya. Barista, za ki iya tsara mana takarda shafi ɗaya mu kai wa ɗan majalisarmu na jiha?

Barista Hauwa: Zan yi in sha Allah. Abin da nake gani shi ne a raba gida uku: ƙaramar fanka a gona ko babban fili, wadda in ta cika tazarar tsawonta da ƙarin kashi 10 sanarwa kawai za a yi. Sai wadda za a ɗora a kan gini, wadda sai da sa hannun injiniyan gini da yardar maƙwabta na katanga. Sai manyan tashoshi, da tasu tazarar da sharaɗin haya.

Ɗan Kurna: A rubuta kuɗin takardar ƙarara a cikin dokar, da kwanakin da za a ba mutum amsa. In kwanakin suka wuce ba a amsa ba, ya kafa abinsa. Kuma a rubuta da manyan baƙi cewa ba ruwan wannan doka da faranten sola. In babu waɗannan ba na sa hannu.

Baba Garba: Na yarda da na kuɗi da na sola. Na kwanaki kuwa, a gona kawai. Shirun ofis ba zai ƙara wa dakin rodi ba.

Maman Ummi: Kuma yardar maƙwabta ɗin nan, ba mai gidan da ke zaune a Abuja ya ba da haya za a tambaya ba. A tambayi waɗanda ke kwana a ciki.

Barista Hauwa: Na sa duka. Zan turo daftarin ranar Asabar, Baba da Injiniya su duba lambobin kafin a buga.